Masu kiwon suna a intanet ba su iya cewa "babu" ba

Akwai wata hajiya mai sayar da atamfa da leshi a Kasuwar Gumi, ni na buɗe mata shafin intanet. Wa'adin sunan shafin ya cika ba mu sabunta ba, wani ya saye. Ba wai zai yi komai da shi ba. Irin mutanen nan ne masu kiwon suna, su tara dubbai su ɗaure kamar ragunan layya, su manna musu talla suna jiran ranar da mai shi zai dawo yana roƙo.

Sakacinmu ne, na yarda. Abin da ya ƙona min rai daban ne.

Na yi mata adireshin imel a ƙarƙashin wani ƙaramin suna, "oda". Wani dillali ya turo saƙon kaya, ya zauna yana jira. Da tsarin DNS, mai nemo adireshin kowane suna a intanet, ya amsa da NXDOMAIN, wato babu wannan suna, da nan take saƙon ya koma masa, ya ɗauki waya ya kira ta. Amma sabon mai sunan ya saka alamar tauraro, * ɗin nan, wadda ke cewa "akwai" ga duk abin da aka tambaya. Na gwada da kaina, na rubuta shirme, har "tuwo" da "miyankuka" na sa a gaba, duk shafin tallan nan ne ya buɗe. Ita kuwa na'urar aika imel, in ba ta ga inda aka keɓe wa wasiƙa ba, adireshin shafin take bi, ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba kowa. Sai bayan kwana huɗu ta haƙura. Kafin nan dillali ya sayi kayansa a Kwari.

Hajiya ta ce min, "Ɗana, ai ko ɗan kamasho a tashar Kawo, in ka ce Legas za ka, ba zai tura ka motar Zariya ba."

Za a ce ai ƙa'ida ta yarda. Haka ne, tauraron yana cikin takardar ƙa'idar intanet mai suna RFC 1034 tun 1987, aka ƙara fayyace shi a RFC 4592 a 2006. Amma an taɓa ganin inda wannan hanya ke kaiwa. Ran 15 ga Satumba 2003 kamfanin VeriSign, mai kula da .com da .net, ya saka shi a kansu baki ɗaya, duk wanda ya yi kuskuren harafi ya faɗa shafinsu. Matatun saƙonnin banza da ke duba ko sunan mai aikowa na gaske ne suka rikice, don kowane suna ya zama na gaske. Ba a cika mako uku ba ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ta tilasta musu janyewa. Maƙwabtanmu Kamaru ma sun yi da .cm na ƙasarsu, suna tsintar waɗanda suka manta harafin "o" na .com.

Ni ban ce a hana su kasuwancinsu ba. Layi ɗaya nake roƙo: tun 2015 RFC 7505 ta ba da hanyar da suna zai sanar cewa ba ya karɓar imel, saƙo ya koma wa mai shi a take. Ko sisi ba ya ci.

Yanzu Hajiya ta koma .com.ng, ranar sabuntawa kuma na rubuta a wayata da tata. Jiya na sake leƙa tsohon sunan, har yanzu "tuwo" yana buɗewa.