Jajen Janareta

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, na koma mutum mai lissafi. Kowa a gidana ya bi sahu, ban da ƙaramin janaretana, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Man da a da yake kai mu tsakar dare sai ya riƙa ƙarewa tun yara ba su yi barci ba. Na zargi 'yan bumburutu da tauye awo. Na zargi makanike. Har yara na tsare da tambaya, ko wani na ɗiba yana wanke kacar keke.

A goman ƙarshe na azumin 2024, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, muna dawowa daga tarawihi injin ya yi tari, ya saki wani warin ƙuna, ya yi shiru. Na ja igiya har kafaɗata ta amsa. Ko uffan.

Bayan sallar asuba na ci karo da Baba, tsohon da tagarsa ke kallon lungun da nake ajiye injin. Fuskarsa sai walƙiya take.

"Malam, ashe injin ya rasu?"

"Ya rasu, Baba."

"Alhamdu... wato, Allah ya mayar da alheri."

Ya kasa riƙe dariyar, sai da ya toshe baki da hannun riga. Da magariba na ga jikokinsa na raba ƙosai da kunu gida-gida, wai sadaka. Na ji shi da kunnena yana gaya wa liman cewa ya yi barci har saura kaɗan sahur ya wuce shi, har da mafarki. Raina ya ɓaci matuƙa. Mutumin da nake durƙusawa in gaisar, shi ne ke walimar asarata.

Shi kuwa telan da shagonsa ke manne da katangata ta gabas, da jajayen idanu ya zo. Ya cire hula, ya zauna a ƙasa, ya yi salati ya sake.

"Yaya, wannan ai musiba ce ta same mu. Ga sallah ta matso!"

Kalmar "mu" ɗin nan ta ratsa ni. Ya ce shi zai ɗauko makanike a babur ɗinsa, kuma rabin kuɗin gyara a wuyansa. Na shiga ciki na ce wa uwargida ta zo ta ga ɗan'uwan da ba ciki ɗaya ba. Tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Makanike ya buɗe injin, ya shinshina, ya ce koyil ya ƙone.

"Oga, me kake ɗora masa?"

Na lissafa: fanka biyu, ƙwan fitila uku, talabijin. Ya girgiza kai. Ya ce wat 950 aka rubuta a jikinsa, kuma ko wannan ɗin ma cika baki ne, amma kayan da na faɗa ba za su kashe shi ba. "Wannan aikin dutsen guga ne. Shi kaɗai yana jan wat 1000."

Mu kuwa na gawayi muke amfani da shi tun aurenmu.

Ruwa ba ya tsami banza, in ji makanike, ya kama wayoyi yana bi ɗaya bayan ɗaya. Bayan tulin itace sai ga wata siririyar waya, an shafe ta da laka ta saje da bango, ta bi rariya ta fice gabas. Na waiga in nuna wa ɗan'uwana wannan abin mamaki, ashe ya tuna da wani mai kaya da ke jiransa a Kantin Kwari.

Muka leƙa shagon. Keken ɗinki mai mota, fanka, dutsen guga, ga kuma allon cajin waya, kowace naira 100. Farantin solar da ke kan rufinsa, wanda na sha yaba masa a majalisa, wayarsa na lilo a iska, ba ta shiga ko'ina ba.

Na wuce wurin Baba, har yanzu da sauran fushina. Ya ce, "Ɗana, hayaƙin nan a ɗakina yake kwana, ƙarar kuma a cikin kaina. Haƙƙin maƙwabtaka ya hana ni magana." Na ce to wayar fa, bai taɓa gani ba? Ya ce ai duk layin an sani, an ɗauka hannun jari muka haɗa.

Na koma gida ina huci, na zayyana wa uwargida komai, na ce sai na kai tela gaban mai unguwa. Ta ajiye rariya a hankali, ta karkaɗe zani.

"Maigida, kayan sallar yara na bara, da leshina, da shaddarka da ka ce Allah ya yi wa tela albarka bai karɓi ko sisi ba, da me kake tsammani aka biya? Ka dai yi a hankali, na bana suna hannunsa, ko yankawa bai yi ba."