Vale Guardian ya bi ni, Dogo ya ce bai san ni ba

Tunda Dogo, ƙanin matata, ya riga ya kai labarin majalisa ya zuba masa gishiri son ransa, gara ku ji daga bakin mai abin.

Kun dai san ni a wasan kwamfutar nan, World of Warcraft. Tanki nake, wato mai shanye dukan dodo a madadin sauran, Warrior mai garkuwa, kuma ba jiya na fara ba. A can doka a fili take. Mutum biyar ke shiga kogo, tanki ɗaya, mai magani ɗaya, masu duka uku. Kowane dodo yana riƙe da lissafin wanda ya fi ɓata masa rai, aikina shi ne in zauna a saman lissafin. In wani mai rawar kai ya ƙwace min, in danna Taunt, dodo ya juyo kaina. Ni ke gaba, ni ke zaɓar hanya, ni ke cewa a dakata mai magani ya sha ruwa. Waɗanda suka buga Classic, tsohon salon wasan da aka dawo da shi a 2019, sun san yadda ake harɗe hannu ana jiran Warrior ya jera Sunder Armor, dukan da ke tara fushin dodo a kansa, kafin kowa ya ɗaga makami. Da wannan girman aka saba min.

Sai Dogo ya zo da zancen wani wasan, Guild Wars 2, wai mutum ɗaya ya rage su cika goma daren Asabar, wai ƙungiyar koyo ce ta wasu Turawa masu haƙuri. Ina da wani Warrior a can da ya kai mataki na 80 ina yawon daji da shi ni kaɗai. Na ce wa zai yi tanki? Ya ce, "Yaya, akwai mai yi, kai dai duka kawai." Iyakar bayanin da aka yi min ke nan, ku riƙe shi da kyau.

Na shiga da kayan Soldier daga hula har takalmi, har zobba da sarƙa. Kaya ne masu ƙara ƙarfi da tauri da yawan jini. Mai hankali da zai tsaya gaban babban dodo me zai sa in ba su ba? Shugabar tafiyar wata baiwar Allah ce, daga jin muryarta Bajamushiya ce, kuma ita ce wai tankin. Na dube ta, 'yar siririyar Mesmer, wato mai siddabaru, cikin riga mara nauyi, malam-buɗe-littafi na tashi a jikinta. Na yi dariya a ciki, na ce yau za a ga abu. Ta fara dogon bayani a Discord, manhajar da muke magana ta ciki, daidai lokacin da janareta ya fara tari, na tashi zuba masa mai. Dogo yana zaune, ya ji komai. Da na dawo na ce me ta ce, ya ce, "Ba komai, Yaya, gaisuwa ce."

Dodon shi ne Vale Guardian, na farko a Spirit Vale, farmakin mutum goma da aka fara buɗewa a 2015. Fili ne zagayayye, shi yana tsaye a tsakiya. Ta ƙirga, ta shiga gaba, muka bi bayanta. Dodo ya ɗago, ya wuce ta ko kallo bai yi mata ba, ya ratsa mutum takwas, ya taho can baya inda nake ina gyara zama a kujera.

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwa raina daɗi ne. Na ce ashe ko a baƙon gari ana gane manya. Nan take hannu ya koma abin da ya sani: na juya shi bayansa ya kalli jama'a, na kafa ƙafa, na tsaya cak. Ina jin ta tana cewa a hankali, "Wa ya ɗauke min shi?" Na yi shiru, ban san da ni take ba. Sai wani shuɗin da'ira ya fito ƙarƙashin ƙafata. A inda na fito, tanki na ƙwarai ba ya gudu don an zana masa ƙasa, yakan daure ya bar mai magani ya ci albashinsa. Na daure. Ƙiftawa da bismilla sai ga ni a can ƙarshen fili ni kaɗai, jini ya yi ƙasa. Ashe shuɗin nan ɗauke mutum yake ya wurga shi wani wuri.

Dodo ya waiga, ya hango ni, ya taho. Mutum tara suka biyo shi a guje suna saran iska. Ana cikin haka koren da'ira ya fito a ɗaya gefen, shi kuma sai mutum huɗu sun tsaya a ciki, in ba haka ba kowa ya sha. Babu wanda ya je, duk suna bayan dodo, dodo yana bayana. Ya fashe. Ga wasu jajayen ƙwallaye suna ta gangarowa suna ƙona wanda suka kusanta. Na ga abin ya wuce dauriya, na zura da gudu. Na yi gabas ya yi gabas, na kewaya ya kewaya, na shige tsakiyar jama'a in ɓace ya ture su ya zaƙulo ni, kamar mai bin bashi ranar da aka yi albashi. Yatsana yana ta danna inda Taunt yake zama, ban ma san me nake so ya yi min ba, tunda matsalar ba rashin kulawar dodo ba ce.

Ƙarshe na faɗi. Ku da ba ku buga wasan ba, in jininka ya ƙare ba mutuwa kake yi kai tsaye ba, kwanciya kake a ƙasa kana jiran a tashe ka. Kuma abin da aka ba Warrior ya yi a kwance shi ne jifa da dutse. Ga ni nan, mutumin da ya ja ayari a kogunan Azeroth, duniyar World of Warcraft, a kishingiɗe ina jifan ƙaton dodo da tsakuwa, ɗaya bayan ɗaya, Turawa biyu sun durƙusa a kaina suna shafa ni. Ta ce cikin sanyin murya, "Kowa ya rubuta /gg." Umarnin da ke kashe mutum ne a sake daga farko. Muka kashe kanmu gaba ɗaya.

Aka sake, aka maimaita. A wasan nan ba ka iya leƙa kayan wani ka ga lambobinsa, don haka ta ce kowa ya buɗe shafin jaruminsa ya rubuto taurinsa. Lambobi suka fara saukowa: 1000, 1000, 1000, wato ba wanda ya ƙara ko ɗigo a kan wanda ake ba kowa. Nata 1300 da 'yan kai. Na duba nawa. Na sake dubawa. Na rubuta 1900 da wani abu.

Aka yi tsit. Wani mai lafazin Faransa ya kasa riƙewa ya tuntsire. Sannan ta yi min bayani, kuma wallahi da ladabi, abin da ya fi zagi ciwo. Wannan dodon ba ya lissafin fushi, wanda ya fi kowa tauri kawai yake bi. Tanki a nan yakan ɗara kowa tauri da kaɗan, ya riƙa jan dodo inda ake so, don in jininsa ya sauka zuwa kashi 66 cikin ɗari ya rabu uku ya sake haɗewa, wani ɓangaren filin kan fara ƙuna, dole a kauce da shi. Yana yi yana ba 'yan uwansa ƙarin sauri, yana kauce wa duka da tsalle maimakon ya shanye. Wasu dodannin ma ba ruwansu da tauri, kowanne da tsarinsa.

Sai wani ya tambaya, "Wa ya kawo shi?"

Jama'a, Dogo yana zaune a falona. A kan kujerata. Da intanet ɗina yake wasa, kwanon tuwon da yayarsa ta zuba masa ko ɗaukewa ba a yi ba. Ya gyara murya, ya ɗauko wannan Turancin nasa na hanci da yake ajiyewa don baƙi, ya ce, "Ina jin ta allon neman 'yan wasa ya shigo." Na juya na kalle shi, ya ƙura wa kwamfutarsa ido ya ƙi ɗagowa.

Na san kuma daga inda abin ya samo asali. Tun zamanin da muke buga Final Fantasy XIV yake riƙe da ni. A can mutum huɗu ne a kogo, kuma riƙe dodanni ba wahala, in dai ka kunna tsayuwar tanki ka kai musu dukan da ke samun kowa, sun zama naka. Gwaninta ita ce ka kwaso duk dodannin hanya har inda bango ya tsayar da kai, ka riƙa jera kariya ɗaya bayan ɗaya, Rampart ya ƙare ka sa Reprisal, mai magani kuma ya yi ta kansa. Dogo ne White Mage ɗina, wato mai magani, ni ina tanki da Gunbreaker. Wata rana jinina ya yi ƙasa sosai, ya sakar min Benediction, maganin da ke cika jini taf, wanda sai bayan minti uku yake dawowa. A daidai daƙiƙar nan ni kuma na danna Superbolide, wanda a wancan lokacin yake hana ka mutuwa na ɗan lokaci amma ya mayar da jininka 1. Maganinsa ya tafi a banza. To ni ina zan san zai danna? Ya yi sallama? Tun ranar, ko a ɗaurin aure muka haɗu sai ya ce, "Yaya, Benediction ɗina." Mutumin da ya ari caja ta da azumin bara har yau.

Mu koma fili. Ba ni da wasu kayan, kuma ba su son kora ta, mutanen kirki ne. Ta ce in rage har in koma ƙasa da ita. Na cire zobba da sarƙa da 'yan kunne. Ta ce nawa? Na faɗa. Ta ce saura. Na cire riga. Saura kaɗan. Na cire wando. Mutum tara suka kewaye ni ana jira, ni ina tsaye daga ni sai gajeren wando da hular ƙarfe da takalmi da ƙaton takobi a kafaɗa. Bafaranshen nan har da ɗaukar hoto, da kansa ya faɗa.

Daidai nan Maman Yara ta shigo ɗaukar kwanuka. Ta leƙa, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wannan tsiraran ne jarumin da ake hana mu barci dominsa?" Makirufona a buɗe. Turawa suka ji murya, suka ce me aka ce? Da an bar shi ya wuce, ba mai jin Hausa a cikinsu. Dogo, wanda bai san ni ba, wanda ta allo na shigo, shi ya fassara musu, kalma da kalma, har da ƙarin bayanin cewa yayarsa ce.

Dodon dai ya rabu da ni a zagaye na gaba, ya bi ta inda take so, suka yi ta zagaye tana tafe yana biye. Ni kuma ba riga, jan ƙwallo ɗaya ya goge ni na koma jifa da dutse. Ba mu kashe shi ba a daren. Ta turo min jerin kayan Berserker da zan nema, waɗanda babu tauri a cikinsu ko kaɗan, har da alamar murmushi.

Wanda ya canza min suna zuwa Ɗan Tauri a zauren WhatsApp, na san ko wane ne. Yanzu kuma Dogo ya dawo da zancen Elder Scrolls Online, wai a can tsokana, wato Taunt ɗinsu, dodo ɗaya take kamawa na daƙiƙa 15, wai manyan kawai tanki ke riƙewa, ya tare duka da garkuwa har ƙarfinsa ya ƙare, wai zai dace da ni. Ban ba shi amsa ba, wasan ma nauyi gare shi, datar wata ba za ta sauke shi ba. Duk wanda ya gan shi ya ce masa cajar, farar nan mai doguwar waya, ba baƙar da ya aiko da yaro ba.