Glucosamine da ciwon gwiwa: ina hujjar?

Wani labari da na karanta ya ce shan glucosamine da chondroitin, wasu ƙwayoyi da ake sha don ciwon gaɓoɓi, na sake gina guringuntsin gwiwar da ya zaizaye, amma bai kawo binciken da ya tabbatar da hakan ba. A shekarar 2006 an wallafa wani babban gwaji da aka yi a Amurka kan mutum 1,583, kuma a jimlace ƙwayoyin ba su fi na bogi, wato waɗanda babu magani a cikinsu, rage ciwo ba. Abin mamakin ma, kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka sha na bogin sun ce sun samu sauƙi. To, ɗan'uwa da ka yi sharhi a kan labarin cewa mahaifiyarka ta ji daɗinsu, ban ƙaryata ka ba, Allah ya ƙara mata lafiya, sai dai ciwon nan dama yakan tashi ya lafa da kansa. Abin da ya fi damuna shi ne labarin bai gargaɗi masu shan warfarin, maganin hana daskarewar jini ba, alhali glucosamine na iya ƙara musu haɗarin zubar jini. Kuma me ya sa rage ƙiba da motsa jiki don ƙarfafa naman cinya, waɗanda likitoci ke fara ba da shawararsu, ba su samu ko layi ɗaya ba?