Tankar da ba ta tashi ai ta 'yan jari-bola ce

Jiya a hanyar Damaturu na ci karo da ayarin sojoji suna dawowa daga daji. Mota ɗaya na janye da wata da igiya, ta uku kuma samari ne cikin kaki ke tura ta a tsakar rana. Na buɗe waya, sai na tarar ana ta guɗa wai an sayo sababbin motocin yaƙi. To madalla, Allah ya sanya alheri! Waɗannan motocin da suka dawo fa, wa zai kwance su ya duba?

Gyara, jama'a, gyara. Motar da ta yi watanni tana shaƙar ƙurar Sambisa da rairayin Tafkin Chadi, in ta dawo bariki sai a wanke ta, a shafa mata fenti, shi ke nan. Matatar iska ta toshe, baƙin mai ya koma kunu, batir ya mutu. Ranar da aka ce a fita, sai a ciro kayan wannan a sa wa waccan, motoci uku su mutu don ɗaya ta tashi.

Kada wani ya ce mini babu kuɗi. An samu kusan dala miliyan 500 na jiragen Super Tucano 12, kuɗin giris da taya ne ya gagara? Sayayya ce ke da kamasho da hoto a jarida, bakanike kuwa ba ya fitowa a talabijin.

Sai kuma shan bamban na tankoki da motocin sulken. Vickers daga Ingila, T-72 ƙirar Rasha, VT-4 da aka kawo daga Sin a 2020, Cobra daga Turkiyya. Kowacce da nata kayan gyara da nata littafi. Wane sito ne zai iya da wannan?

Wallahi abin na ci mini rai. Bayan harin da aka kai sansanin sojoji na Metele, jihar Borno, a Nuwamban 2018, yaran da suka tsira kukan tsofaffin tankoki suka yi. 'Ya'yan mutane ne fa. Kuma muna da masu hannu: ga makarantar injiniyoyin lantarki da kanikanci ta soja a Auchi, ga masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kaduna tun 1964. A ba su kaya, a ba su lokaci, kowace mota a buɗe mata littafin gyara.

Af, na tuna, wa ya san bakanike mai amana a Ƙofar Ruwa? Tawa ma sati biyu ke nan giya ta biyu ba ta shiga.