Ranar da sojoji suka raka yara tara makaranta a Little Rock

Duk sanda muhawara ta tashi kan tsarin tarayya, ko a Facebook ko a teburin mai shayi, sai ka ji wani ya ce a sakar wa jihohi mara kamar yadda ake yi a Amurka, kowace jiha da 'yan sandanta da kotunanta da makarantunta. Haka tsarin yake kam, mu ma a Najeriya ai daga can muka aro tsarin shugaba mai cikakken iko a 1979, amma ni abun da ke damuna shi ne rabin labarin kawai ake faɗa, ba a faɗin wanda ya sha wuya a hannun waɗannan jihohin.

A ranar 4 ga Satumba 1957 gwamnan Arkansas, Orval Faubus, ya jibge dakarun tsaron jiharsa a ƙofar makarantar sakandare ta Central da ke Little Rock don kawai kar yara tara baƙaƙen fata su shiga aji ɗaya da 'ya'yan fararen fata. Ɗaya daga cikinsu, Elizabeth Eckford, shekararta 15, gidansu babu waya shi ya sa ba ta samu saƙon cewa a haɗu a tafi tare ba, ta zo ita kaɗai da littafinta a hannu, soja suka tare ta, taron manya masu 'ya'ya kamarta suka biyo ta suna zagi har bakin tashar bas. Wallahi duk wanda ya haifa in ya ga hoton nan sai ransa ya sosu. Kuma fa shekara 3 kenan da kotun ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Brown, alƙalai 9 baki ɗaya, cewa raba makaranta saboda launin fata ya saɓa wa tsarin mulki.

To me ya ba gwamna ƙarfin gwiwa? Tsarin mulkin da aka rubuta a Philadelphia a 1787 ya lissafa abubuwan da gwamnatin tarayya za ta yi ne, gyara na 10 kuma ya ce sauran na jihohi ne da jama'a, kuma makaranta ba ta cikin lissafin, saboda haka 'yan kudu suka riƙe wannan suna cewa haƙƙin jiha ne, Washington ba ta da hurumi. Amma sun san da gyara na 14 na 1868, wanda aka samu bayan yaƙin basasa, da ya hana kowace jiha nuna bambanci gaban doka. Matsalar ita ce tun da aka janye sojan tarayya daga kudu a 1877 aka bar gyaran nan a takarda, har a 1896 kotun ƙoli da kanta ta halatta wariya a shari'ar Plessy, aka kwashe kusan shekara 60 a haka.

Shugaba Eisenhower ba wani ɗan gwagwarmayar kare baƙaƙe ba ne, ya yi ta jan ƙafa, har zama ya yi da Faubus ko za a sasanta. Da abun ya ƙi sai ya karɓe ikon dakarun jihar daga hannun gwamnan ya kuma turo sojoji kusan 1,000 daga runduna ta 101, ranar 25 ga Satumba suka sa yaran a tsakiya suka kai su aji. Gwamnan bai haƙura ba, shekarar da ta biyo baya ya rufe manyan makarantun sakandaren garin gaba ɗaya na tsawon shekara guda, 'ya'yan kowa suka rasa makarantarsu, kuma jama'a suka ci gaba da zaɓensa har ya sauka a 1967. Wannan wurin ne ya fi tsaya min a rai, don ba da ƙarfin bindiga ya hau ba, masu rinjaye ne suka so abun da yake yi, ƙuri'a ce ta ɗaure masa gindi.

Ban ce gwamnatin tsakiya waliyyiya ba ce. Ita ce ta yi dokar kamo bayin da suka gudu a 1850, ita ce ta tsare 'yan asalin Japan kusan 120,000 a sansanoni daga 1942, kuma yankin Wyoming ya ba wa mata damar zaɓe tun 1869 alhali ƙasa ba ta yi ba sai 1920. Abun da nake cewa shi ne talaka marar rinjaye yana buƙatar ƙofa biyu, in gwamna ya rufe masa tasa ya samu wata da zai ƙwanƙwasa, kuma a bayan ƙofar a samu kotu da ake jin maganarta. Shi ya sa in ana maganar 'yan sandan jiha a wajenmu tambayata ɗaya ce, baƙo ko ɗan ƙaramar ƙabila ko ɗan adawa da gwamna ya tasa a gaba, wa zai kai wa kuka kuma wa zai tilasta a bi hukunci?

A Amurkan ma rigimar ba ta mutu ba. Dokar kare haƙƙin zaɓe ta 1965 ta tilasta wa jihohin da suka yi ƙaurin suna neman izinin tarayya kafin su taɓa ƙa'idojin zaɓe, kuma a Mississippi rajistar baƙaƙe ta tashi daga ƙasa da kashi 7 zuwa kusan kashi 60 cikin shekara 2. A 2013 kotun ƙoli, alƙalai 5 kan 4, ta soke ma'aunin da ake tantance jihohin da shi a shari'ar Shelby, a ganina kuskure ne babba, don a ranar ma Texas ta sanar za ta fara aiki da dokar katin shaidar zaɓe da aka hana ta a baya.