Kafin ka ce wa mai ciwon damuwa "ba ka da tawakkali"

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Jiya da yamma wata magana ta faɗo kunnena, har yanzu ta ƙi barina in sakata. Wata baiwar Allah ce take gaya wa yayarta, murya ƙasa-ƙasa kamar mai neman gafara: "Yaya, ni fa yanzu babu abin da yake min daɗi. Ko dariyar yaran nan ba ta taɓa zuciyata." Ba ta ma rufe baki ba yayar ta tari numfashinta: "Ke dai ki yi istigfari. Mijinki yana nan, 'ya'yanki lafiya lau, me kika rasa? Ai wannan raina ni'ima ne." Ƙanwar ta ce, "Haka ne, Yaya," ta tsuke bakinta, ta ci gaba da ninke kayan da ke gabanta, riga ɗaya ta ninke ta warware, ta ninke ta warware.

Wallahi wanda ya san irin wannan "haka ne" ya san an rufe ƙofa ke nan. Ba za ta sake faɗa ba. Gobe idan aka tambaye ta lafiya, za ta ce alhamdulillahi, ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba, kowa ya kama gabansa.

Ban ce yayar nan muguwa ce ba. Tana son ƙanwarta, a ganinta ma nasiha ta yi mata. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Da sunan nasiha muke ƙara wa marasa lafiya nauyi, sannan mu tashi muna jin mun samu lada.

Mu tsaya mu fahimci abin da ake magana a kai tukuna. Ciwon damuwa daban yake da ɓacin ran da kowa ke yi ya kwana ya huce. Likitocin ƙwaƙwalwa suna duba ko mutum ya yi aƙalla mako 2 a jere, kusan kullum, kusan wuni guda, yana cikin ƙunci ko kuma sha'awar komai ta fita daga ransa. Barci ya rikice, ko ya ƙi zuwa, ko mutum ya farka tun tsakar dare ya kasa komawa, ko kuma ya yi ta barci bai ƙoshi ba. Cin abinci ya canza. Jiki ya mutu murus ba tare da an yi aikin komai ba. Tunani ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, ya karanta layi guda sau da yawa bai kama ma'anarsa ba. Ga kuma wata murya a ciki da take ta nanata masa cewa shi ba shi da amfani, shi nauyi ne a wuyan mutane.

Amma alamar da mutane suka fi kasa ganewa ita ce wannan ta gushewar jin daɗi. Domin mun ɗauka mai damuwa dole a gan shi yana kuka. Da yawansu ba sa kuka, kukan ma ya ƙi zuwa. Wanda a da ba a raba shi da kallon ƙwallo, yanzu ana ihu a gefensa shi ko a jikinsa. Wadda take son kwalliya da hira, yanzu waya tana ƙara a hannunta tana kallon sunan ƙawarta har ta tsinke. Ɗalibin da ya yi shekaru yana burin wani sakamako, ya samu, ana taya shi murna, shi kuwa yana tambayar kansa me ya sa bai ji komai ba. Mai zazzaɓi ko zuma ka ɗiga masa a harshe ɗaci zai ji, kuma babu mai hankalin da zai ce masa ya raina zumar. To me ya sa idan zuciya ce ta daina ɗanɗano sai mu ce butulci ne?

Ga inda abin ya fi ciwo, kuma a nan nake so mu daɗe. Ciwon da ya ɗauke daɗin hira da daɗin wasa da 'ya'ya, shi ne dai yake ɗauke daɗin ibada. Bawan Allah zai tsaya sallah ya ji zuciyarsa a bushe ƙamas. Ya buɗe Alƙur'ani, ayar da a da take sa shi hawaye, yau idonsa kawai ke bi ta kanta. Ya ɗaga hannu zai yi addu'a, kalma ta ƙi fitowa. Tun kafin kowa ya ce masa uffan, shi da kansa ya riga ya yanke wa kansa hukunci: Allah Ya yi fushi da ni, na zama munafuki, an rufe min ƙofa. Yana cikin wannan tuhuma dare da rana. Sai kai kuma ka zo, da carbinka a hannu, ka ce masa, "Da kana da imani da ba ka shiga wannan hali ba." Ka san me ka yi? Ka sa hannu a kan takardar da ciwon ya daɗe yana rubuta masa. Ka zama shaidar ƙarya a shari'ar da yake yi wa kansa.

Subhanallah. Wa ya ba ka ma'aunin imanin mutane? Mutumin da ya ja jikinsa da ƙyar ya yi alwala, ya kai goshinsa ƙasa alhali ba ya jin ko ɗigon daɗi, kai ka san matsayin wannan sujada a wurin Allah? Kai da kake sallah cikin nishaɗi, ka tabbata taka ta fi tasa nauyi? Ni dai ba zan iya rantsuwa a kan haka ba.

Duk mun san ƙissar Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari. Ku lura da su wa suka ɗaga masa murya: 'ya'yansa ne, mutanen gidansa, suka ce ba zai daina ambaton Yusuf ba har sai ya lalace ko ya halaka. Shi kuwa ya ce ga Allah kaɗai yake kai ƙarar ƙuncinsa da baƙin cikinsa. Allah bai zarge shi ba. Nana Maryam, a lokacin naƙuda, a gindin dabino, cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan, ta zama abin da aka manta. Me aka ce mata? Ba a ce ta yi saɓo ba. An ce kada ta yi baƙin ciki, aka nuna mata ruwa, aka ce ta girgiza dabinon, ta ci, ta sha, hankalinta ya kwanta. Lallashi aka fara da shi, sannan aka kula da jikinta. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, shekarar da ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib har yau shekarar baƙin ciki ake kiranta. Kuma shi ne ya koya mana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, ya haɗa su a addu'a ɗaya da gajiyawa da kasala. Ba ina cewa waɗannan bayin Allah ciwon da likitoci ke bayani suka yi ba. Abin da nake cewa shi ne ƙunci yana zama a zuciyar da take cike da imani, kuma Alƙur'ani bai ɓoye mana haka ba.

Wani zai ce ai wannan duk zancen zamani ne, Turawa suka kawo. To ka ji. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya yi rubutu kan lafiyar jiki da ta rai tare. Ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda yake faɗo wa mutum haka kawai babu sanannen dalili, ya hana shi kuzari da jin daɗin komai. Na biyun nan ya danganta shi da jiki, ya ce yana buƙatar magani. Sama da shekara 1000 ke nan. Mu ne muka koma baya, har muke tambayar mara lafiya "me kika rasa?" kamar ciwo sai ya nemi izinin talauci kafin ya shiga gida.

Kuma ba tsiraru ba ne. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da wannan ciwo a duniya, wajen kashi 5 cikin 100 na manya. Ya fi yawa a mata. Fiye da kashi 10 cikin 100 na masu juna biyu da waɗanda suka haihu ba da daɗewa ba suna shiga cikinsa. Ku yi tunanin mai jego da ta rungumi jaririnta ba ta ji abin da aka ce kowace uwa tana ji ba, ga kunya, ga tsoron faɗa. Idan ta yi ƙarfin hali ta faɗa, sai a ce, "Wasu suna can suna neman haihuwa ido rufe." A ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi kuwa, sama da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon ba sa samun wani magani. Ƙarancin likitoci yana ciki, gaskiya ne. Amma bakinmu ma yana ciki. Wa zai nemi magani a inda neman maganin zai sa a ce ya haukace ko ya bar Allah?

Ku saurari irin abin da ke fita daga bakunanmu. "Ka cire abin a ranka mana." Da cirewa yake yi da bai jira ka ba. "Dubi wane, ya fi ka shiga matsala amma yana dariya." "Lalaci ne kawai, tashi ka nemi abin yi." "Kai namiji ne fa." Wannan ta ƙarshen ta hallaka maza da yawa, domin namiji sau da yawa ciwon nasa ba ya fitowa da hawaye, sai da saurin fushi, da ƙaurace wa gida, da yin shiru, wani kuma ya faɗa shaye-shaye don ya samu ya runtsa. Mu kuma sai mu ce ya lalace, mu ja jikinmu. A majalisa a yi ta nazarin halinsa, babu wanda ya taka ya je ya zauna kusa da shi.

Haba 'yan'uwa. Haba.

Ba na hana kowa tunatar da ɗan'uwansa Allah. Addu'a da zikiri da karatun Alƙur'ani sanyi ne ga zuciya, babu Musulmin da ke jayayya a nan. Amma akwai bambanci tsakanin ka ce "zo mu yi addu'a tare" da ka ce "rashin addu'arka ne ya jawo maka." Kuma wanda ya ce mana Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta, bai ware cutar ƙwaƙwalwa ba. Mai ciwon sukari yana addu'a yana shan maganinsa, ba wanda ya ce tawakkalinsa ya ragu.

Ciwon nan yana jin magani. Akwai zaman tattaunawa da ƙwararru, inda ake koya wa mutum gane tunanin da ke ja da shi ƙasa, da komawa harkokinsa kaɗan-kaɗan tun kafin sha'awar ta dawo. Akwai ƙwayoyin da likita ke rubutawa idan abin ya yi nauyi. Su waɗannan ba sa aiki dare ɗaya, sukan ɗauki makonni kafin a ga canji, kuma ba a yanke su kwatsam ba da sanin likita ba, don haka kada ka zama mai cewa "ka ga ai ba su yi komai ba, watsar." Wani lokaci ma gwaji yakan nuna ƙarancin jini ko rikicewar wasu sinadaran jiki suna da hannu a gajiyar. Wannan duk aikin asibiti ne. Naka aikin shi ne ka raka shi, domin mai wannan ciwo sanya takalmi ma aiki ne a wurinsa. Ka je ka zauna ko ba za a yi hira ba. Idan ka kira bai ɗauka ba, kada ka yi zuciya, ka sake kira. Ka ce ya zo ku ɗan taka a waje. Ka ɗauke mata yaran na wuni guda ta samu ta kwanta.

Idan kuwa ka ji ya fara cewa gara ma ya mutu, ko kowa zai huta idan ba ya nan, ko ka ga yana rabar da kayansa yana sallama, don girman Allah kada ka ce wasa yake, kada kuma ka buɗe masa wa'azin wuta. Hukuncin ya san shi sarai, wataƙila shi ne ma ya riƙe shi har yau. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta saka wa mutum tunanin da babu. Kada ka bar shi shi kaɗai, ka kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, ku nufi asibiti a ranar. Sama da mutum 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara a duniya. Kowannensu yana da dangi.

Kai kuma ɗan'uwana, ke kuma 'yar'uwata, da kike karanta wannan a kwance cikin duhu kina jin kamar da ke ake: bushewar da kike ji ba hujja ba ce cewa Allah Ya juya miki baya. Manzon Allah ya faɗa cewa babu wahala ko ciwo ko damuwa ko baƙin ciki da zai sami Musulmi, har ƙayar da ta soke shi, face Allah Ya kankare masa zunubai da shi. Damuwa da baƙin ciki da sunansu aka ambace su a jerin. Ki riƙe farillarki gwargwadon iko, ko babu daɗin, kada ki auna kanki da yadda kike a da. Idan wanda kika fara gaya wa ya gwasale ki, ki gaya wa wani. Ki je ki ga likita. Allah Ya yaye miki, Ya mayar miki da ɗanɗanon rayuwa da na ibada.

Mu kuma masu lafiya, don Allah mu ji tsoron Allah game da harsunanmu. Don Allah. Akwai wanda ka daɗe ba ka ji ɗuriyarsa ba, wanda ya daina zuwa, ya daina amsa saƙo, har ka ce girman kai ya fara. Ka neme shi yau. Idan ya buɗe baki ya fara faɗa maka abin da ke ransa, ka riƙe wa'azinka tukuna, ka bar shi ya kai aya.