Memorin bogi ya cinye muryar mahaifina, aka ce in yi haƙuri

Ranar Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe biyar na yamma, wani yaro da bai kai ɗana na biyu shekaru ba ya dubi tsabar idona a gaban mutane, ya tambaye ni me zan yi da muryar mamaci. Yau kwana huɗu ke nan maganar tana cin raina. In na kwanta ita ce, in na tashi ita ce, har a aji ina tsaka da koyarwa sai in ji ta faɗo min.

Duk wanda yake da tsohuwa a gida ya san rediyon nan mai memori, 'yar ƙarama mai caji da tocila a gefe. Ita ce abokiyar hirar Inna tun da muka ɗauko ta daga ƙauyenmu na ƙasar Zurmi a 2021, muka dawo da ita Tudun Wada nan Gusau. Idanunta sun yi rauni, maƙwabtan da ta saba da su sun watse, wasu Ƙauran Namoda, wasu lahira. Abin da ya rage mata shi ne ta jingina da bango bayan magariba, rediyo a cinyarta, tana laluben maɓalli da babban yatsa. Ta san na gaba, ta san na baya, ba ta neman taimakon kowa.

A cikin shekara huɗu na sayi memori biyar. Ɗaya ya mutu cikin zafin bazara, rediyon tana ajiye a ɗaki mai rufin kwano. Ɗaya ana tsaka da tura karatu aka ɗauke wuta, kwamfutar ta mutu, shi ma ya bi ta. Ɗaya kuwa haka kawai ya wayi gari yana neman a yi masa fomatin. Kowane lokaci in koma wurin masu turi, in biya kuɗin memori, in biya kuɗin turi, in dawo gida. Ban taɓa ɗaga murya ba, domin karatu da tafsiri da waƙoƙin noma ana sake samu.

Akwai dai memori guda ɗaya, ɗan giga 4, wanda nake kaffa-kaffa da shi kamar ƙwai. A cikinsa ne muryar Malam, mahaifina, take. A azumin 2019, wata bakwai kafin rasuwarsa, ƙanena ya riƙa ajiye waya a gefen buzunsa yana ɗaukar karatun da yake bayarwa a zaure bayan la'asar. Guda goma sha ɗaya ne. A na ƙarshe ba karatu yake ba, hira ce. Yana lissafa kakanninmu har bakwai, yana faɗin iyakar gonakinmu, daga tsamiyar nan zuwa bakin rafi, daga suri zuwa gonar gidan wane. Ana jin tarinsa, ana jin zakara, can nesa ana jin Inna tana daka. Wayar da aka ɗauka da ita ta tafi daren da mutane suka fita da kayan jikinsu kawai. Memorin ne ya tsira, saboda yana cikin rediyo, rediyon kuma tana ƙulle a habar zanen Inna.

Da ya fara tsallake-tsallake watan jiya, sai tsoro ya kama ni. Na ce bari in sayi babba, a juye komai ciki tun bai mutu ba. Na je wata rumfa a inda ake sayar da kayan waya, na ce wa yaron ina son mai kyau, na maimaita masa har sau biyu cewa akwai abu mai muhimmanci. Ya ciro wani a kwalinsa, an rubuta giga 32, da sunan babban kamfani ɓaro-ɓaro. Naira 4,500. Ya fara zuba saukar Alƙur'ani ta alaramma biyu, ya zuba tafsirin azumi, ya zuba waƙoƙi, sannan daga ƙarshe ya juye abin da ke tsohon memorin. Ya juyo da kwamfutar ya nuna min sunayen a jere, ga su nan duka goma sha ɗaya. Ya miƙo min tsohon ya ce ya wanke min shi, yanzu zai yi aiki garau. Ban sa shi ya wanke ba. Amma tunda na ga sunayen da idona, hankalina ya kwanta.

Kwana shida Inna tana jin karatu lafiya lau, domin rediyon daga farko take kamawa. Daren Juma'a ta ce in sa mata Malam. Na latsa, rediyon ta yi shiru ta tsallake. Na sake latsawa, ta tsallake. Duka goma sha ɗayan haka, da rabin tafsirin, da waƙoƙin gaba ɗaya. Na sa a wayata, ga suna, ga girman fayil, amma in ka taɓa babu komai.

Wani tsohon ɗalibina da ke gyaran kwamfuta ne ya warware min. Ya sa memorin a wata manhaja ta kyauta da ake kira H2testw, wadda take cika kati da bayanai har bakinsa sannan ta karanta ta ga nawa ne ya zauna da gaske. Ya riga ya gwada ceto fayilolin bai samu ko ɗaya ba. Bayan awanni sakamako ya fito, abin da ke cikin katin bai cika giga 4 ba. Ya ce min, "Malam, a cikin kowane memori akwai wata 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke gaya wa waya ko rediyo girmansa. Masu jabu ita suke sauya wa lissafi, sai ƙaramin kati ya riƙa cewa shi giga 32 ne. Duk abin da aka zuba har wurin gaskiyar ya cika zai zauna. Abin da ya biyo baya kuwa sunansa kawai ake rubutawa a jeri, shi kansa ko ya hau kan na farko ya ɓata shi, ko ya faɗa inda babu komai." Ke nan muryar Malam ba ta taɓa shiga katin ba. Tun a rumfar, ina tsaye ina kallo, ta ɓace. Tsohon memorin kuma, bayan wankin da aka yi masa, 'yata ta sa a wayarta ta cika shi da hotuna, an bi ta kan abin da ya rage.

Da wannan na koma ranar Talata. Wallahi ban je da niyyar faɗa ba.

Na yi sallama. Yana zaune kan benci, abin sauraro a kunne ɗaya, yana kallon wani abu a waya. Ya amsa da hanci, bai ɗago ba. Na ce, "Samari, ka gane ni? Ni ne na sayi memori wajenka kwana goma da suka wuce." Ya ce, "Baba, mutane nawa ka zuwa nan kullum?" Na ajiye katin a kan gilashin, na ajiye kwalinsa, na ce wannan na bogi ne, an gwada shi, bai kai giga 4 ba. Sai a nan ya ɗago. Ya ɗauki katin da yatsa biyu, ya juya shi, ya hura masa iska, ya goga a rigarsa, ya sa a waya, ya miƙo min ita har kusa da hancina. "Karanta, Baba. Mi ka gani nan? Talatin da biyu ko huɗu?" Na ce ai ƙaryar ke nan, wayar abin da katin ya gaya mata take nunawa. Ya yi dariya, ya juya wurin na kusa da shi ya ce, "Ka ji, wai memori ya yi ma waya ƙarya." Su biyu suka yi dariya.

Na danne. Na ce to buɗe fayil ɗin ƙarshe mu ji. Ya taɓa, shiru. Ya sake taɓawa, shiru. Ya ce rediyonmu ce ta sa masa bairos. Na ce rediyon da ba ta taɓa ganin intanet ba, karantawa kawai take yi. Ya ce to tsohuwa ce ke cirewa tana mayarwa, tsofaffi ba su iya riƙon abu ba. Mahaifiyata yake nufi. Matar da ta riƙe memori ɗaya a habar zane ta keta daji da shi cikin dare, ita ce ba ta iya riƙo ba.

Na ce masa, "Yaro, kiyaye harshenka." Ya ɗaga kafaɗa. "Memori dai ba shi da garanti, ko'ina ka je. Sa'a ta. In orijina kaka so, ai da ka faɗi, shi dubu bakwai na." Ya ja wata durowa ta ƙasa ya ciro wani. Kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya. Ashe ya sani! Ashe kashi biyu ne a rumfar, na sama na waɗanda za a cuta, na ƙasa na waɗanda suka san sirri. Ni da na ce masa mai kyau nake so har sau biyu, wane yare ya so in yi masa? Da ya ce min dubu bakwai, da ko rance ne na ci na biya.

Muryata ta fara rawa. Na ce ba kuɗin ne ya dawo da ni ba. Na gaya masa abin da ke cikin tsohon memorin da ya wanke ba da izinina ba. Na ce muryar mahaifina ce, ya rasu, babu wani kwafi a duniya. Na zaci ko da zuciyarsa dutse ce zai sunkuyar da kai. Ya mayar da abin sauraronsa kunne, ya ce, "To Baba, muryar mamaci kuma mi za ka yi da ita? Ka yi mashi addu'a mana. Matsa, akwai mutane bayanka."

Shi ne zai koya min yi wa ubana addu'a. Wanda ya karɓi kuɗina a kan ƙarya, ya hallaka amanar da na damƙa masa, shi ne ya zama mai wa'azi.

Abin da ya ƙarasa ni kuwa mutanen da ke wurin ne. Sun kai takwas, har da mai furfura irina. Ba wanda ya ce wa yaron kanzil. Ni suka taru a kai: Malam yi haƙuri, Malam girma ne naka, Malam ai kayan zamani sai a hankali. Wani har ya kama hannuna yana ja na gefe kamar ni ne mai laifin. Haka muke a garin nan. Wanda aka cuta shi ake ba haƙuri, macuci a bar shi ya ci gaba da ciniki. Na tabbata a cikin takwas ɗin nan babu wanda memori bai taɓa mutuwar masa ba, amma kowa ya ɗauka ƙaddara ce.

Kuma ina gwamnati take? Katin nan ba a Gusau aka ƙera shi ba. Ya shigo ta tashar ruwa ko ta jirgi, ya wuce shingaye bila adadin, ya sauka a manyan kasuwanni, aka raba shi jiha-jiha. Akwai hukumomin da aikinsu kawai duba ingancin kaya, akwai na kare haƙƙin mai saye, ana biyansu albashi duk wata daga dukiyarmu. A shekaruna ban taɓa ganin ko mutum ɗaya ya zo rumfar kayan waya da kwamfuta ya gwada memori ba, gwajin da ɗalibina ya yi da manhajar kyauta. Amma bari lokacin karɓar haraji ya yi, ka ga yadda ake sanin ƙofar kowace rumfa.

Masu cewa wa ke amfani da memori a zamanin nan, su zo Zamfara. A watan Satumbar 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar, mutane suna hawa mota har Funtuwa don su kira 'yan uwansu. A waɗannan makonni me ya ɗebe wa gidaje kewa in ba rediyo mai memori ba? Har gobe akwai ƙauyukan da sai ka hau tudu kake samun sabis. A farkon 2025 aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Wuta kuwa kowa ya san halin da ake ciki. Sai a ce tsohuwar da ba ta gani ta ajiye kayanta a intanet? Da wace data, da wane caji? Memori shi ne akwatin talaka, a nan yake ajiye karatunsa da hotunan 'ya'yansa da muryar waɗanda ya rasa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta faɗi, kayan kirki suka fi ƙarfinmu, sai aka buɗe mana ƙofar jabu. Taki jabu, maganin zazzaɓi jabu, batir jabu. An kasa tsare mana ƙauyukanmu, an kasa tsare mana gonakinmu, ɗan abin da muka tsira da shi a habar zane shi ma an bari an cinye.

Gonakin da Malam ya faɗi iyakarsu shekara huɗu ba mu taka su ba. Ranar da Allah ya sa muka koma, dattawan da za su shaida sun ƙare. Na zauna da biro da takarda ina ƙoƙarin tuno abin da ya ce, na samu sunayen kakanni biyar, biyu sun kufce min.

Inna ba ta sani ba har yanzu. Jiya bayan isha'i ta lalubi maɓallin, ta latsa, ta latsa, sannan ta ɗago fuskarta wajen da take jin numfashina ta ce, "Ɗan nan, ina ka kai min Malam?" Na ce mata yana wurin gyara.